She Writes Woman: Gidan da Majinyata Suka Gina wa Kansu

A shekarar 2016 wata matashiya 'yar Najeriya, Hauwa Ojeifo, ta kafa ƙungiyar She Writes Woman don ciwon ƙwaƙwalwa, wanda mutanenmu ke sassauta murya kafin su ambata. Ita ba likita ba ce, harkar zuba jari ta karanta a Jami'ar Reading da ke Ingila. Likitoci sun tabbatar mata da ciwon bipolar, mai jefa mutum tsakanin zumuɗi mai wuce kima da baƙin ciki mai nauyi, ga kuma firgicin da ke bin wanda ya gamu da mummunan abu. Abin ya kai ta ga yunƙurin halaka kanta. Da Allah ya kiyaye, ta nemi inda za ta zauna da masu irin lalurarta, ba ta samu ba, sai ta buɗe wurin da kanta.

Zaman farko a Legas aka fara shi, wata-wata, da sunan Safe Place. Mata ne ke haɗuwa, kowace ta faɗi abin da ke cin ta a rai, ba mai cewa aljanu ne, ba mai cewa raunin imani ne. Wadda ta sha maganin ciwon ta san kasalarsa, ita ke lallashin sabuwar zuwa kada ta yar da shi. An kuma buɗe layin waya mai amsa kira dare da rana.

Ranar alfaharin ƙungiyar ta zo a Fabrairun 2020, watanni kaɗan bayan 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa da Daura. Hauwa ta tsaya gaban Majalisar Tarayya ta yi magana da bakin majinyata, ta nemi dokar da za ta kare mutuncinsu. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, aka yi sallama da tsohuwar dokar 1958. A 2024 kuma Melinda French Gates ta damƙa wa Hauwa dala miliyan 20 ta raba wa ƙungiyoyin da ke taimakon mata.

Ana cewa aikin ya fi isa ga 'yan birni masu Turanci da waya. Haka ne, amma kowane aiki daga wani wuri yake farawa.

Mu a Gurbin Bore da Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, masu ɗauke da firgici ba su ƙidayuwa: wadda aka kashe mijinta a gona, wanda ya dawo daga hannun 'yan bindiga ba ya barci. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kware yana can Sakkwato, hanya kuma ba amana. Jama'a, zaure da tabarma ba su gagare mu ba. Sarakunanmu da malamanmu su ba da wuri, ma'aikatan lafiya su horar da waɗanda suka samu sauƙi, su kuma su riƙe hannun na baya.