Takardar Lamunin Ma'aikacin Hukuma a Amurka: Wace Kotu Ke da Hurumi?

Duk hukumar da ta damƙa wa ma'aikaci kuɗin jama'a, ko ikon kama dukiyar mutane, tilas ta nemi abin da zai ɗaure shi ya riƙe amana. A Amurka, dabarar da aka daɗe ana bi ita ce takardar lamuni, watau ma'aikaci ya sa hannu cewa zai yi aikinsa bisa gaskiya, waɗansu masu hali kuma su tsaya masa, in ya saɓa su biya. To, amma Amurka tarayya ce mai kotuna iri biyu, na jihohi da na tarayya. In ma'aikacin tarayya ya karya alkawarin, gaban wane alƙali za a kai ƙara? Sai da aka shafe fiye da shekara 150 kafin amsa ta zauna sosai.

Dokar da ta kafa kotunan tarayya cikin 1789 ta ƙirƙiro muƙamin mashal, wanda shi ke zartar da umarnin kotu, kamar kama mutum ko ƙwace kaya. Ta wajabta masa lamunin dala 20,000 tare da mutum biyu masu tsaya masa. Cikin 1806 Majalisar Dokoki ta ƙara da cewa duk wanda mashal ya cuta ta hanyar saɓa wannan alkawari yana iya kai ƙara a kan takardar, ya karɓi diyya. Da haka takardar ta zama garkuwa biyu, ta baitulmali da ta talaka.

Ɓangaren baitulmali shi aka fara warwarewa. Wata doka ta 1815 ta ba kotunan tarayya hurumin jin ƙarar da Gwamnatin Tarayya ko jami'inta ya kawo. Cikin 1827 Kotun Ƙoli ta dogara da ita a shari'ar wani shugaban gidan waya mai suna Early, ta tabbatar cewa Babban Shugaban Gidajen Waya yana iya bin haƙƙin lamuni a kotun tarayya. Kotun ba ta kuwa yi sassauci ba, domin cikin 1845 ta yanke wa Prescott, mai karɓar kuɗin hukuma a Shikago, cewa ko ɓarayi ne suka sace kuɗin da ke hannunsa, shi da masu tsaya masa za su biya.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarar talaka. A bisa al'ada, rigimar mutum biyu 'yan jiha ɗaya a kan dukiya ta kotun jiha ce. Wanda aka ƙwace wa kaya yakan so alƙalin garinsu, mashal kuwa yakan so kotun da ya yi wa aiki. Dokar 1875 ta buɗe ƙofa, ta ba kotunan tarayya hurumi a kan duk shari'ar da ta samo tushe daga dokar tarayya, ta kuma yarda a ɗauke irinta daga kotun jiha. Cikin 1883 maganar ta iso Kotun Ƙoli. Wani mai suna Feibelman ya kai ƙarar Packard, mashal na Luwiziyana, da masu tsaya masa a kotun jiha saboda kayan da aka ƙwace, su kuma suka mai da shari'ar kotun tarayya. Kotun Ƙoli ta ce sun yi daidai, tun da dokar tarayya ce ta haifi takardar, ita ce kuma ma'aunin cika alkawari ko saɓa shi. Wannan bai tauye talaka ba, gama cikin 1884 kotun ta yanke cewa in mashal ya kama kayan wani a madadin na wanda umarni ya ambata, masu tsaya masa za su biya.

Cikin 1948, da aka sake tsara kundin dokokin kotuna, sashe na 1352 ya tattara maganar: kotunan tarayya na gunduma suna da hurumi a kan duk lamunin da aka yi bisa dokar tarayya, kotunan jihohi ma haka. Cikin 1980 aka keɓe lamunin kwastan ga kotun cinikin ƙasa da ƙasa. Kafin nan, cikin 1972, Majalisa ta daina neman lamuni daga ma'aikatan tarayya, gwamnati ta ɗauki asarar a wuyanta, ko da yake jihohi da yawa suna nemansa daga nasu jami'an har yanzu.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, nauyin takardar lamuni bai dogara da yawan kuɗin da aka rubuta a kanta ba. Muddin wanda aka cuta bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, alkawarin ma'aikaci tawada ce kawai a kan takarda.