Manhajar kula da sito a ɗakin sanyi: yadda take aiki

Manhajar kula da sito, wadda ake kira WMS, ita ke riƙe lissafin kowane katan tun shigarsa ɗakin sanyi har fitarsa. Idan kwantenar kifin ƙanƙara, misali titus, ta taso daga tashar Apapa zuwa ɗakunan sanyi na Ijora, ana haska lambar jikin kayan da 'yar na'ura. Nan take manhajar za ta rubuta adadinsu, ranar ƙarewar wa'adinsu da layin da aka jera su.

Babban amfaninta wajen fitar da kaya ne. Wanda wa'adinsa ya fi kusa take nunawa a fara lodawa, ko da shi ya shigo ƙarshe. Tana kuma faɗa wa mai ɗauko kaya inda zai nufa, don kada a bar ƙofa buɗe ana lalube, tunda ana son sanyin ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili. Akan haɗa wasu da na'urar auna sanyi, su turo saƙo a waya in an ɗauke wuta janareta bai tashi ba.

Amma fa abin da aka shigar kaɗai ta sani. Katan ɗin da ya fita ba a haska ba, a lissafinta yana ciki, sai ranar ƙidaya a tsare mai sito da 'yan lodi.