Taƙalidi da Ijtihadi a Rawar Ɗalibai: Nazari a kan Makarantun Germaine Acogny a Senegal

Tsakure

Maƙalar nan ta duba rawar zamani da ake tsarawa domin ɗaliban makarantar rawa su taka a gaban jama'a, ta kuwa kafa hujja da makarantu biyu na ƙasar Senegal, watau Mudra Afrique da École des Sables. Da'awarta ita ce, darajar irin wannan rawa tana rataye ne ga gwargwadon rabon da aka bai wa ɗalibi a cikin ƙirƙirarta.

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi tsara rawa domin ƙwararrun 'yan rawa, waɗanda ya zaɓo da kansa, ya san iyakar abin da jikin kowannensu zai iya, to, gurinsa ɗaya ne, aikin ya yi kyau. Amma wanda aka danƙa wa ajin ɗalibai, wani dogo wani gajere, wani ya taso da kiɗan sabar na Wolof, wani kuwa bai taɓa jin amonsa ba sai ranar da ya sauka Dakar, lalle an ɗora masa nauyi biyu a lokaci guda, domin wajibi ne abin da zai tsara ya zama darasi ga mai takawa, ya kuma zama abin kallo ga wanda ya biya kuɗin ƙofa. A nan mas'alar take, kuma ita ce za mu yi bahasi a kanta.

Asalin makarantun

A shekarar 1977 Shugaba Léopold Sédar Senghor ya haɗa kai da Maurice Béjart, mai tsara rawa ɗan Faransa wanda ya riga ya buɗe makarantar Mudra a Brussels tun 1970, suka kafa Mudra Afrique a Dakar, a cikin ginin Musée Dynamique da aka gina domin bikin fasahar baƙar fata na 1966, aka kuma naɗa Germaine Acogny ta shugabance ta. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban suna koyon rawar bale ta Turawa, da rawar zamani, da raye-rayen Afirka, da waƙa, da kiɗa a hannun Doudou Ndiaye Rose, sarkin makaɗan sabar na zamaninsa. Makarantar ba ta yi tsawon rai ba. Senghor ya sauka daga mulki a ƙarshen 1980, kuɗi suka yanke, aka rufe ta a 1982, ko da yake almajiranta sun bazu, har Irène Tassembédo ta koma Wagadugu daga baya ta buɗe tata makarantar.

Sai a 1998 Acogny da mijinta Helmut Vogt suka fara tara ɗalibai a Toubab Dialaw, ƙauyen masunta da ke bakin teku kamar kilomita 50 kudu da Dakar, aka kuma buɗe gine-ginen École des Sables a 2004. Babban zauren koyarwarta rumfa ce a buɗe, daɓenta yashi zalla, an sa mata sunan Aloopho, kakar Acogny. Kada mai karatu ya ɗauki yashin nan ƙaramin al'amari. Ƙafar da ke nutsewa a yashi ba ta zamewa, ba ta kuma juyi a kan ɗan yatsa kamar yadda ake yi a daɓen katako, saboda haka dole ɗalibi ya russuna, ya saki gwiwa, ya bar nauyinsa ya sauka ƙasa, ya nemi motsi daga ƙashin baya da ƙirji da ƙugu. A kan wannan ƙa'ida kuwa Acogny ta gina tsarinta na horo, inda ta raɗa wa wasu motsi sunayen itatuwa, kamar kuka da rimi. Ashe tun mai tsara rawa bai buɗe baki ba, daɓen makaranta ya riga ya gindaya masa sharaɗi.

Rawar da aka ɗinka wa ɗalibai

Daga cikin waɗanda suka halarci horon farko na 1998 aka tsamo maza takwas, aka gayyato Susanne Linke daga Jamus, tare da Avi Kaiser, suka tsara musu rawa mai suna Le coq est mort, watau zakara ya mutu, wadda aka fara nunawa a 1999, da ita kuma aka kafa ƙungiyar Jant-Bi. Samarin suna fitowa sanye da kwat da wando, kowa riƙe da jakar ofis, suna taƙama irin ta manyan ma'aikata, sannan sannu a hankali su tuɓe wannan kamala, har a ƙarshe a gan su ba riga, sun duƙa suna tafiya irin ta goggon biri. Rawar ta zaga Turai da Amurka, ta kuma jawo saɓani mai zafi, domin wasu sun fahimce ta a matsayin tonon asirin ɗan Adam ko wane iri ne idan mulki ya ruɗe shi, wasu kuwa suka ce Baturiya ta sa baƙaƙen samari sun maimaita tsohon zagin da 'yan mulkin mallaka suka daɗe suna yi wa Afirka.

Ba za mu yanke hukunci a kan niyyar Linke ba, niyya tana zuciya. Abin da ya shafi bahasinmu shi ne matsayin ɗalibi a cikin lamarin. Ƙwararre yana iya cewa ba zan yi wannan ba, ya ɗauki jakarsa ya nemi wata ƙungiya. Amma ɗalibi, wanda wannan ce fitarsa ta farko, kuma ita ce hanyarsa ta ganin dandamalin ƙasashen waje, da wuya ya musa wa malami, alhali kuwa jikinsa ne jama'a za su kalla, shi za a tuna idan an tashi zargi. Don haka amanar da ke wuyan mai tsara wa ɗalibai rawa ta fi ta waninsa nauyi.

Aikin da ya biyo baya ya ɗauki wata siga. A Fagaala ta 2004, wadda ta yi magana a kan kisan kiyashin Ruwanda na 1994, bisa tasirin littafin Murambi na Boubacar Boris Diop, Acogny da kanta ta zauna tare da Kota Yamazaki na Japan, aka gwama rawar butoh, mai tafiyar hawainiya da murɗe gaɓɓai, da takun da samarin suka gada, ta yadda baƙon bai zama shi kaɗai ne mai faɗa a ji ba. Aikin ya sami lambar Bessie a New York a 2007. A 2012 kuma aka kafa ɓangaren mata, Jant-Bi Jigeen, suka taka Afro-Dites, wadda aka gina a kan halin da matan Senegal ke ciki a lokacin.

Haddar aikin magabata

Ban da hanyar tsara wa ɗalibai sabuwar rawa, wadda muka kira ijtihadi, akwai kuma hanya ta biyu, wadda muka kira taƙalidi, inda ake koya wa matasa tsohon aiki taku bayan taku ba ragi ba ƙari, kamar yadda almajiri ke haddace matani a gaban malaminsa kafin a ba shi izinin sharhi. Misalinta mafi girma shi ne Le Sacre du printemps da Pina Bausch ta tsara a 1975 a kan kiɗan Stravinsky, wadda aka koya wa 'yan rawa 38 daga ƙasashen Afirka 14 a École des Sables. Annobar korona ta hana nunin da aka shirya a Dakar a Maris 2020, sai suka taka ta a gaɓar teku aka ɗauka a fim, ba ta hau dandamali ba sai a Madrid cikin Satumba 2021. Gaskiya ne yawancinsu sun wuce matakin ɗalibta, amma a gaban wannan aiki dukansu almajirai suka koma. Fa'idar hadda ba ta ɓoyu ba: tana horar da numfashi, da ƙidayar kiɗa mai wuyar bi, da tafiya tare da jama'a kamar jiki ɗaya. Sai dai aikin yana nan na mai shi, ko motsin hannu ba su da ikon sauyawa.

Hukuncin da muka tsaya a kai shi ne, makarantar da ta wadatu da hadda za ta yaye masu taka rawar wasu, kuma wadda ta miƙa ɗalibanta ga baƙon mai tsarawa ba tare da malaminsu yana zaune a wurin ba ta yi sakaci da amana. Tafarkin Fagaala ne ya fi kusa da daidai, shi ya kamata masu makarantun rawa su bi.