Da'irar Kujeru a Garin da Kogi Ya Raba

A shekarar 1905, wani likita a Boston ta Amurka, Joseph Pratt, ya fara tara masu tarin fuka wuri ɗaya don ya koya musu kula da kansu. Sai ya lura hirar da suke yi a junansu ma magani ce. Daga nan ake ɗauko tarihin jinyar damuwa a rukuni. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, S. H. Foulkes, Bayahuden da ya baro Jamus a 1933, ya faɗaɗa hanyar a asibitin sojoji na Northfield a Ingila. A ganinsa, duk wanda ya zauna a da'irar kujerun nan, da al'ummarsa yake zuwa.

To, mu dawo gida Kakuri. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wasu suka biyo baya. Bahaushe da Tibi da Bajju da Bayarabe suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ƙungiyar ƙwadagonsu ɗaya. Da sana'arsa ake sanin mutum. Sai rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002 suka sa jama'a ƙaura: akasarin Musulmi arewacin kogin Kaduna, akasarin Kirista kudu. Masaƙun ma suka yi ta rufewa, mahaɗar ta watse.

Yanzu ka ɗauka wata ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta tara mutum takwas daga ɓangarorin biyu. An koya mata kada ta nuna ɓangare. Amma fa kafin ta buɗe baki, sunanta da shigarta sun riga sun yi magana. Wanda aka ƙone wa gida zai saki jiki da ita?

Kaduna ta taɓa gwada wata amsa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye abokan gaba ne a rikicin 1992: Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanci, suna jagorantar zama su biyu, kowa da addininsa a fili.

Su ba likitoci ba ne, sasanci kuma ba jinya ba ce. Amma masu jinya na da abin ɗauka: mai jagorantar rukuni a Kakuri ba zai iya ajiye asalinsa a bakin ƙofa ba. Gara ya bari a yi maganarsa a cikin da'irar, in da hali kuma ya zauna da abokin aiki daga tsallaken kogi.