Daga Garmaho zuwa Amfilifaya: Tarihin Sauti a Gidajen Kalambaina

Kalambaina, wadda ke yammacin birnin Sakkwato cikin ƙaramar hukumar Wamakko, da siminti aka san ta. An kafa kamfanin simintin Arewa a 1962, ya soma aiki a 1967, shekarar da Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma. Masana'antar ta zo da abubuwa biyu da suka shafi yadda ake jin sauti a gida: ma'aikaci mai albashin wata, wanda ke iya tara kuɗin rediyo ko rikoda, da ginin bulo da siminti, wanda ya sauya yadda amo ke zama a cikin ɗaki.

Kunnen Basakkwace ya san sauti mai kauri tun kafin na'ura ta zo. Tambarin sarauta da gangar noma amonsu a ƙirji yake sauka, haka taushin Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, da kotson Ibrahim Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo. Sai dai a fili ake jin su, a ƙofar fada ko a gona ko a dandali. Shigar da wannan kaurin cikin ɗaki shi ne abin da na'urori suka daɗe suna fama da shi.

Garmaho ne ya fara gwadawa. Emile Berliner ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1887, ya kuma iso garuruwan Arewa a zamanin Turawa, a gidajen sarakuna da attajirai da ma'aikatan En'e. Da hannu ake wana shi, allurar ƙarfe ta bi faifai mai juyi 78 a minti, kowane gefe bai wuce waƙar minti uku ko huɗu ba. Babu lantarki a cikinsa, girgizar allurar ce kawai ke fita ta kakakinsa. Murya tana fita, amma ƙasan ganga ba ya fita, sai a ji kiɗan kamar ana buga gwangwani.

Rediyo ma murya ya sa a gaba. Gwamnatin mulkin mallaka ta fara rarraba shirye-shirye ta waya zuwa akwatunan da ke gidajen masu biyan kuɗi a Legas a 1935, tsarin ya kai Kano a 1944. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962, daga baya Rima Rediyo ta zama muryar Sakkwato. Ƙaramin rediyo mai batir, wanda ƙirƙiro tiransisto a 1947 ya ba da damar ƙerawa, ya shiga zaure da gona da shagon tela. Lasifikarsa ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, kuma babu mai ganin laifinta, tunda labarai da tafsiri da baitin waƙa ake nema.

Dalilin gazawar ƙaramar lasifika yana cikin yanayin sauti kansa. Kunnen mutum yana jin girgizar iska daga kimanin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Sauti mai kauri, wanda masu sana'ar ke kira bes, yana can ƙasa, daga wajen 200 zuwa 20, kuma fitar da shi yana bukatar a tura iska mai yawa. Lasifikar da Chester Rice da Edward Kellogg suka fito da ita a 1925, wadda har yau ita ce tushen kusan kowace lasifika, nannaɗen waya ce a bakin maganaɗisu tana tura mazurarin takarda gaba da baya. Idan takardar ta tura iska ta gaba, ta baya tana janyewa, sai biyun su haɗu su kashe juna, kuma bes ne ya fi cutuwa. Shi ya sa akwati ba ado ba ne, rabin aikin lasifika ne. Albert Thuras ya tsara akwati mai rami a 1930, inda iskar baya ke fita ta bututu ta ƙara ƙarfin ta gaba. A 1954 Edgar Villchur ya nuna cewa ƙaramin akwati rufaffe ruf yana iya ba da bes mai tsafta, muddin amfilifaya na da ƙarfi. Waɗannan hanyoyi biyu su ne har yau ke gaban mai saye: mai rami ya fi ƙara da ƙaramar wuta, rufaffe ya fi nutsuwa.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, shi ne ya buɗe kasuwa sosai. Da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, rikodojin National da Sharp da Sony suka cika gidaje, masu hali kuma suka kai ga saiti cikakke na Kenwood ko Pioneer ko Technics: amfilifaya daban, abin kaset daban, lasifika biyu manya a gefe da gefe, an lulluɓe su da kyalle saboda ƙura. Masu ɗaukar sauti suka cika kasuwanni da kaset na Shata da Ɗan Anace da wa'azin malamai. Bayan karyewar darajar naira daga 1986, sabon saiti ya fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai ta Legas da Kwatano.

A wannan lokaci ne sana'ar haɗa lasifika a gida ta yi ƙarfi, kuma ta cancanci a yaba mata. Mai gyaran rediyo yakan samo lasifika mai inci 12 ko 15, kafinta ya yanka katako, a haɗa da gam da kusoshi, a cusa soso ko auduga a ciki, a manna kafet a waje. Idan nannaɗen waya ya ƙone, ba a jefar da lasifikar. Mai gyara zai ɓare takardar a hankali, ya warware ƙonanniyar wayar, ya naɗa sabuwa siririya layi bisa layi, ya sa 'yar takarda a ramin maganaɗisu don ta zauna daidai tsakiya kafin gam ya bushe. Yana gamawa ya taɓa ƙaramin batir a bakin wayoyin, idan takardar ta motsa ba tare da gogayya ba, aiki ya yi. Inda akan samu tangarɗa shi ne girman akwatin, wanda sau da yawa da ido ake auna shi, alhali tun 1961 injiniya Neville Thiele na Ostareliya ya nuna cewa kowace lasifika tana da girman akwati da tsawon bututun da suka dace da ita. Akwatin da ya saɓa wa lissafi yakan yi ruri a kan amo guda, kowace waƙa aka sa.

Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, sun sauya abin da kunne ke nema. Kiɗan fiyano yana fitar da bes da ya fi na kalangu zurfi, samari suka fara auna saiti da yadda yake girgiza taga. Kasuwa ta amsa da saitin China mai akwatin bes guda da ƙananan lasifika biyu ko biyar. A jikin kwalin irin waɗannan akan rubuta wat dubbai da haruffan PMPO, lissafin da ba shi da ma'aunin da aka yarda da shi. Wanda ake dogara da shi shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai. Amfilifaya mai wat 50 na gaske a kowane gefe ta wadaci falo, ninka ƙarfin zuwa 100 kuma desibel 3 kawai yake ƙarawa. Ya kamata a duba om na lasifika, 4 ne ko 8, domin amfilifayar da aka yi don 8 takan yi zafi idan aka ɗora mata 4, ko aka jera mata lasifika da yawa a layi ɗaya. Ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe tana gurɓata sauti, kuma gurɓataccen sauti yana ƙona ƙananan lasifika masu fitar da siririn amo.

Ɗaki shi ne abin da aka fi mantawa da shi, kuma a nan simintin Kalambaina ya shigo. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, da tabarmi da katifa da labule, ba ya yawan mayar da amo. Ɗakin bulo mai filasta da tayil yana mayar da kusan komai. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka amon da ke girgiza sau 50 yana da tsawon kusan mita 7. A ɗaki mai ƙafa 12, tsawon ɗakin ya yi daidai da rabin tsawon amon da ke girgiza wajen sau 47, sai wannan amon ya taru a jikin bango ya yi rauni a tsakiya. Idan faɗi da tsawo ɗaya ne, kamar yadda ɗakunan haya da yawa suke, matsalar ta ninku. Ajiye lasifika a lungu yana ƙara bes amma yana dagula shi, janyo ta daga bango kaɗan yakan gyara fiye da sayen sabuwa. Kafet da labule suna rage amsa-kuwwar murya, amma bes sai kujeru masu kauri da sauya wurin zama. Karkarwar da ake ɗora wa lasifika kuma sau da yawa daga silin take, ko kwanon rufi, ko jeren kwanukan da ke cikin kabad.

Wuta da zafi su ne sauran. Zafin Sakkwato yana wuce digiri 40 a watan Afrilu, ƙurar hunturu kuma tana toshe ramukan shan iska, shi ya sa amfilifayar da aka kulle a kabad ba ta daɗewa. Idan wuta ta yi ƙasa, bes ne ke fara raunana, domin shi ya fi cin lantarki, kuma situlaiza ta zama abokiyar kowane saiti. Sababbin amfilifayoyi na rukunin D suna mayar da kimanin kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka sha zuwa ga lasifika, ba sa zafi sosai, suna kuma aiki da batir ko sola. Su ne ke cikin akwatunan Bluetooth da ake haɗawa da waya, masu gyara kuma suna sayen allonsu daban su dasa a tsofaffin akwatunan katako, inda lasifikar inci 12 ta zamanin kaset ke ci gaba da aiki.