Daga Akwatin Baitulmali Zuwa Alat: Mai Albashi da Ɗan Sa-kai a Ƙaramar Hukuma

Ranar albashi a garinmu ba ta ɓuya. Tun da hantsi za a share ƙofar zauren hakimi, a fito da tebur da kujeru biyu, dogari ya tsaya da jan rawaninsa. Can sai a hango ƙurar mota daga hanyar birni, yara su kwasa a guje su tarye ta. Ina cikin yaran nan, don kawuna malamin asibiti ne a ɗan sha-ka-tafin garin, ni ke riƙe masa keke. Malamin baitulmali zai buɗe akwatin ƙarfe, ya riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya: malaman firamare, duba-gari, malamin daji, malamin gona, masinja, leburorin hanya. Mai iya sa hannu ya sa, wanda bai iya ba ya dangwala babban yatsa a tawada. Abin da aka ƙirga wa kowa, a idon kowa aka ƙirga shi. Mahauci da mai hatsi kuwa suna nan gefe, suna jiran waɗanda suke bi bashi.

Sau da yawa ba a cika mako da wannan rana sai mai shela ya zaga gari da dare: “Sarki ya gaishe ku, ya ce gobe kowane gida ya fito da mutum ɗaya, za a cike zaizayar hanyar kasuwa.” Washegari ka ga magidanta da samari da fartanya da kwando, makaɗi yana zuga su, mata sun aiko da kunu. Babu akwati, babu kiran suna. Da waɗannan hannaye biyu garin yake tafiya, wanda ake biya da wanda ba a biya. Abin da na lura da shi a tsawon shekaru shi ne, ikon yanka albashi kullum sai ƙara nisa yake yi da gari, aikin kyauta kuwa kullum sai ƙara saukowa yake yi kan mutanen gari.

Albashi kansa baƙo ne a sarautar ƙasar Hausa. Kafin zuwan Turawa, hakimi da jakada da dagaci kowa yana cire rabonsa ne daga abin da aka tara kafin ya isa fada. A Katsina aka fara gwada baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, kuma wajen 1911 tsarin ya soma bazuwa a sauran masarautu. Haraji da jangali su shiga asusu ɗaya, gwamnatin Turawa ta ɗauki kasonta, sauran a yanka wa sarki da alƙali da hakimai da malaman ofis albashi. A wurare da dama dagaci bai samu albashi tsayayye ba, wani ɗan kaso ake ba shi daga harajin da ya tara, mai unguwa kuwa galibi sai godiya. Tun a wancan tsani aka bar na ƙasa, wanda ya fi kowa sanin gidajen mutane, a rataye tsakanin ma'aikaci da ɗan sa-kai.

Kada kuma mu yi wa gayyar wancan zamani kwalliyar da ba ta da ita. Akwai gayya ta asali, wadda manomi ke kira a gonarsa, ya ciyar da mutane, gobe shi ma ya je ta wani. Akwai kuma wadda hukuma ta ari sunanta. Dokar aikin tilas ta 1933 ta bar ƙofa a buɗe ga abin da ta kira ƙananan ayyukan al'umma, su sharar hanya da gyaran kasuwa da rijiya, wanda bai fito ba kuwa ya san abin da zai tarar a gaban dagaci. Tsofaffinmu ba su manta da diban gwamna ba, lokacin da aka kwashi dubban mutane zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944. Shi ya sa har yau idan hukuma ta ce a fito a taimaki kai da kai, dattijo yakan fara tambayar wa ya aiko.

Kwamiti da majalisa sun shigo ƙauye ne bayan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna a watan Agusta na 1950 ya nemi a gyara En'e, a ba talaka bakin magana. Daga nan aka ƙarfafa majalisun gundumomi da na ƙauyuka, dokar En'e ta 1954 ta biyo baya. Wakilan nan ba albashi suke ci ba, iyakarta ɗan kuɗin zama. Amma majalisar gunduma tana da ɗan asusunta, kuma a kansa ake musu na gaske: rijiya za a fara ko rumfar kasuwa, wace unguwa ce za ta samu kwalbati bana. Kuɗin kaɗan ne, hakimi ne ke shugabantar zaman, sau da yawa kuma abin da yake so shi ake yi. Duk da haka mutanen da ke wurin sun san daga aljihunsu kuɗin ya fito.

Sojoji sun zo sun rage wa En'e fiffike, aka karɓe kotunan alƙalai da gidajen yari da 'yan doka a ƙarshen shekarun 1960. Sai babban gyara na 1976, zamanin Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya kafa ƙananan hukumomi 301 iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya. Gabaninsa kaɗan hukumar Jerome Udoji ta jera albashin ma'aikatan gwamnati a matakai daga 01 zuwa 17, aka biya ariyas na watanni a farkon 1975, har sunan Udoji ya zama kalmar kasuwa. Ma'aikatan ƙananan hukumomi su ma aka ɗora su a kan wannan tsani. Kawuna ya yi murna, kuma yana da gaskiya. A da malamin asibitin ƙaramar En'e mai ƙarancin haraji ba ya kama ƙafar takwaransa na Kano, ga shi ana iya korarsa don ya ɓata wa wani basarake rai. Yanzu ya samu mataki da fansho da hukumar da zai kai wa ƙara.

Sai dai ita wannan hukuma a babban birnin jiha take, gwamna ke naɗa ta. Duk ma'aikacin da ya kai mataki na 07, ita ke ɗaukarsa, ita ke yi masa ƙarin girma da canjin wurin aiki. An bar wa ƙaramar hukuma na 06 zuwa ƙasa, su masinja da maigadi da lebura. Adadin albashin kuwa daga Legas ake yanko shi, daga baya Abuja. Majalisar gari ta zama mai biya, ba ta da ta cewa a kan nawa za a biya.

A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Ni ina cikin masu ganin sun yi daidai, don na ga yadda ake shanya magidanci a rana a gaban 'ya'yansa saboda kuɗin da ba shi da su. Amma wata igiya ta tsinke a ranar, ba a kuma ƙulla wata a madadinta ba. Tunda albashin duba-gari ya koma fitowa daga kason man fetur, mutumin gari ya daina jin cewa shi ke biyansa, shi ma duba-garin ya daina jin haka. Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari a farkon shekarun 1980 zuwa kashi 20 a 1992, yawansu kuma ya kai 774 a 1996. Kowace sabuwar ƙaramar hukuma da sakatariyarta da ma'ajinta da daraktocinta, duk kuma a cikin tukunya ɗaya za su ci.

Babu wanda ya sha wuyar wannan tsari kamar malamin firamare. Shirin ilimi kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, aka ɗebi malamai da yawa, da kuɗin mai ya ja baya sai albashi ya koma na wata da watanni. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa don ta riƙe biyansu, a 1991 aka rushe ta aka mayar wa ƙananan hukumomi, abin ya dagule, a 1993 aka sake dawo da ita. Da aka koma cire albashin malamai tun daga sama, sai wasu ƙananan hukumomi masu yawan makarantu suka riƙa wayar gari wata ya ƙare ba su da ko kwabo a kasonsu.

A daidai waɗannan shekaru ne kwamitoci suka yi ta haihuwa. Hukumar raya karkara ta DFRRI da Babangida ya kafa a 1986 ta buƙaci kowane gari ya yi ƙungiyar ci gabansa. Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya na lokacin, ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi tare da kwamitocin lafiya na ƙauyuka, ga kuma shirin Bamako na 1987 da ya kawo asusun magani mai juyawa a hannun jama'a. Daga baya aka zo da kwamitin raya mazaɓa, sannan a tsakiyar shekarun 2000 kowace firamare aka ce ta yi kwamitin gudanarwarta, ban da ƙungiyar iyaye da malamai da ke nan tun da. Manufar mai kyau ce, kuma mutanen kirki sun shiga. Yaƙin da aka yi da shan inna har aka tabbatar da Nijeriya ta rabu da ita a watan Agusta na 2020, ƙafafun masu unguwanni da ungozomomi da matan sa-kai masu bi gida-gida ne suka ci shi, a kan ɗan alawus da bai kai ya kawo ba. Amma a mafi yawan lokuta kwamitin nauyi aka miƙa masa ba tare da jaka ba. Rufin aji ya yaye, a ce ina kwamiti. Injin rijiyar burtsatse ya lalace, a ce kwamiti ya yi karo-karo.

Bara na koma sha-ka-tafin da kawuna ya yi aiki. An yi masa fenti, an ƙara ɗakin haihuwa. Ma'aikaci mai albashi ɗaya ne a ciki, ranar kuma ya tafi tantancewa a hedikwata, don an ce ana farautar ma'aikatan bogi. Wadda na tarar tana auna jarirai 'yar maƙwabcinmu ce, ta gama makarantar koyon aikin lafiya shekara huɗu da suka wuce. Ta rataya sikeli a reshen darbejiya, tana saka yaro a ɗan wandon awo, tana duba allura, tana rubutawa a kati, uwaye sun yi layi a kan tabarma. Na ce, “'Yata, an ɗauke ki ke nan?” Ta ce, “A'a Baba, sa-kai nake yi. An ce in an buɗe ɗaukar aiki da mu za a fara.” Ita ke karɓar haihuwar dare. Abin da take samu shi ne abin da shugaban kwamiti, wani tsohon hedimasta mai jiran giratutinsa, ya tara mata ranar kasuwa, wani wata dubu biyar, wani wata babu. Wannan ba gayya ba ce. Mai gayya yana komawa gonarsa da la'asar, ita kuwa wannan ce gonar tata.

Wa zai ɗauke ta? Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya sa kason ƙananan hukumomi ya riƙa biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A nan ake cire na malamai, da na fansho, da na masarautu, da na ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya rage a aika wa ciyaman. A jihohi da yawa ma shekaru suka yi ta wucewa babu zaɓe, sai kantomomin riƙo da gwamna ya naɗa. Albashi ya bar tebur ya koma alat a waya, wanda ya rage sata a hanya, na yarda, amma jerin sunayen da ake biya ya koma cikin kwamfutar da mutanen gari ba su taɓa gani ba. A zauren hakimi ba yadda za a yi a kira sunan mamaci wani ya amsa.

Wuri ɗaya na ga an gwada akasin haka, ya kuma yi amfani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya matakin farko, kuma wani ɓangare yana shiga asusun asibitin kai tsaye, inda shugaban asibiti da shugaban kwamitin mazaɓa ke sa hannu tare. Inda kuɗin ke isa, zaman kwamiti ya daina zama na gaisuwa da addu'a. Ana buɗe littafi, ana tambayar rasit, ana musu a kan ko fitilar sola za a saya ko gadon haihuwa, irin musun da majalisar gunduma ke yi a kan rijiya. Sai dai ba kowane asibiti ke cikin shirin ba, namu ba ya ciki.

Watan Yuli na 2024 ya zo da abu biyu. Ranar 11 ga wata Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da gurbi a doka. Kafin watan ya fita aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, daga 30,000 na 2019. Hukuncin ya ce ga jakarku, dokar ta ce ga abin da za ku biya, ita ma daga Abuja. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, kuma a Abujar kanta malaman firamare na ƙananan hukumominta shida sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan sabon albashin.

A garinmu kwamiti bai jira ba. Da jin labarin hukuncin a rediyo, tsohon hedimasta ya tara mutanensa a gindin darbejiyar nan, suka rubuta takarda suna roƙon a ɗauki yarinyar aiki, ko a mataki na ƙasa ne. Liman ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi, shugabar mata ta dangwala yatsa. Mutum uku suka yi kuɗin mota suka kai sakatariya. Ciyaman ya karɓe su da mutunci, ya ce, “Baba, wallahi na san da zamanta, amma ɗaukar aiki sai an ba mu izini daga sama.” Hedimasta ya nuna mini kwafin takardar a cikin littafin kwamiti, an manne ta da allura a bayan wasu guda biyu da suka rubuta a shekarun baya. Ya ce bayan girbi za su sake komawa.