Tsofaffin Direbobi da Tseren Motoci, Daga Turai Har Tawa

 Yau labarin motoci za mu yi. Amma bari mu fara da kokowa, tunda ita kowa ya sani.

A shekarar 1975 aka yi gasar kokowa ta farko ta ƙasar Nijar baki ɗaya. A garin Tawa aka yi ta, Kantu na Maraɗi ya zo na ɗaya. Daga nan zuwa yau an yi sarakunan kokowa da yawa, kowa ya ci zamaninsa ya wuce. In gwiwa ta fara sanyi, ɗan kokowa yakan koma gefen fili. Ya zauna yana ba yara shawara, yana gyara musu ɗamara. In makaɗi ya ambaci sunansa sai ku ga jikinsa na tsuma, amma ba ya shiga.

Turawa suna da wani wasa da suke so kamar yadda muke son kokowa, shi ne tseren motoci. Su ma gwanayensu suna tsufa. Sai dai wasunsu ba su yarda da zaman gefe ba.

Babbar gasar tseren mota ta duniya sunanta Fomula Ɗaya. An fara ta a 1950. Motar ba irin wadda kuke gani a tashar Madawa ba ce. Wurin zaman mutum ɗaya gare ta, ba wurin kaya, cikinta kuwa yana kusan taɓa ƙasa. Gudunta ya wuce kilomita 300 a awa guda. Da za a share mata hanya daga Madawa zuwa Ƙonni, ba rami ba jaki, ba za ta cika minti 20 ba. A rufaffen fili ake tseren, wanda aka kewaye da shinge. Motoci su yi ta zagaye har su cika wajen kilomita 300. Kafin awa biyu an gama.

Abin da ke fara kada direba a wannan aiki shi ne wuya. In mota ta sha kwana da irin wannan gudu, kan mutum yakan ƙara nauyi ninki huɗu ko biyar, wuya ne ke riƙe da shi. Bayan wuya sai ido. Shi ya sa yawancinsu kafin su kai shekara 40 sun ajiye sitiyari. Ku ji fa, shekara 40! A wurinmu, mai shekara 40 yanzu ya fara sanin noma.

An yi gwajin tara tsofaffi a Amurka a 1993. Aka kira direbobin da suka wuce shekara 50, aka ba kowa mota ƙirar Jaguar mai tsadar gaske. Suka yi ta karo da juna, motoci suka yi ta lalacewa. Wani mai suna Bobby Unser ya ci gasar yana da shekara 59. Ba a sake ba.

Sai a 2005 wasu mutane a Ingila suka sake ɗaukar maganar. Suka kafa wata gasa mai suna Grand Prix Masters, wato babbar gasar gwanaye. Dokarta ita ce, sai wanda ya kai shekara 45, kuma ya taɓa yin tseren Fomula Ɗaya. Suka yi wata dabara mai kyau. A Fomula Ɗaya kowane kamfani da motarsa, sau da yawa mai kuɗi ne ke ci don motarsa ta fi. Nan kuwa kamfani ɗaya, Delta Motorsport, ya ƙera motocin duka iri ɗaya, inji ɗaya, ƙarfi ɗaya. Ba wanda zai ce dokin wane ya fi nawa. Hannu ne kaɗai zai raba gardama.

Ranar 13 ga watan Nuwamba 2005 aka yi karon farko, a filin Kyalami kusa da birnin Johannasbag, Afirka ta Kudu. Tun ba a fara ba tsufa ya nuna kansa. Alan Jones na Ostareliya, zakaran duniya na 1980, ya gwada motar, wuyansa ya riƙe, ya janye. Sauran suka shiga. Nigel Mansell na Ingila, zakaran 1992, shekararsa 52, ya wuce gaba. Emerson Fittipaldi na Birazil, wanda ya ci duniya sau biyu, a 1972 da 1974, ya bi shi a baya kamar inuwa, shi kuwa shekararsa 58. Da suka iso ƙarshe, tsakaninsu bai kai rabin daƙiƙa ba, ƙiftawar ido ke nan. Duk wanda ya gani ya yarda hannun tsofaffin bai mutu ba.

Aka yi karo na biyu a ƙasar Katar cikin Afrilu 2006, Mansell ya sake ci. Na uku a Ingila cikin Agusta, ana ruwan sama, wani Ba'amurke Eddie Cheever ya ci. Shi ke nan, ba a yi na huɗu ba. Bashi ya yi wa masu gasar yawa. A 2007 kamfanin da ya ƙera motocin ya kai su gaban alƙali, aka rufe gidan. A ganina, jama'a na zuwa sau ɗaya ko sau biyu su ga gwanin da suka so da ƙuruciya, su tuna da. Amma masu zuba kuɗi a wasa, yaron da ke tasowa suke bi.

To, za ku ce, me ya haɗa mutumin Buza ko na Kaita da wannan labari? Ga abin da ya haɗa mu. Cikin tsofaffin da suka yi tsere a Kyalami akwai wani Bafaranshe, Patrick Tambay. Wannan mutum ya biyo ta Tawa da motar tsere shekara 16 kafin ranar nan. Ba shi kaɗai ba. Tun kafin a gina musu gasar kansu, direbobin da suka bar Fomula Ɗaya sun sami wani fili, filin nan kuwa ƙasarmu ce.

Dattawa cikinku sun tuna da Pari-Dakar. Wani Bafaranshe ne ya ƙirƙiro ta, Thierry Sabine. A 1977 ya ɓace da moto cikin sahara lokacin wani tsere, da ƙyar aka same shi da rai. Maimakon ya ji tsoro ya bari, sai ya koma gida ya tara wasu. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da motuna 182 suka tashi daga Pari. Suka ƙetare teku, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Agadas, suka bi ta Yamai, Gawo da Bamako. Ranar 14 ga Janairu 1979, guda 74 kaɗai suka isa Dakar. Tafiyar ta kai wajen kilomita 10.000.

Wannan tsere ba irin na rufaffen fili ba ne. Mako biyu ko uku ake yi. Ba shinge, sau da yawa ba hanya ma. A shekarun nan ba na'urar da ke gaya wa mutum inda yake. Littafin hanya ne da kamfas, wato allurar da ke nuna arewa, sai wani abokin tafiya zaune a gefe yana karantawa. Wanda ya yi gaggawa ya karya mota, ko ya kafe cikin rairayi, ko ya ɓace. A 1983 guguwa ta tashi cikin Tenere, ƴan tsere wajen 40 suka ɓace, Sabine ya yi kwana huɗu yana nemansu da jirgi mai saukar ungulu. Kun ga nan ba ƙarfin wuya ake bukata ba. Haƙuri ake bukata, da sanin ƙasa, da sanin lokacin da za a taka birki. Aikin madugu ne. Ayarin gishiri mai zuwa Bilma ba ya sa yaro a gaba. Su kansu masu gasar sun nemi ƴan ƙasa: Mano Dayak na Agadas ya yi aiki da Sabine wajen shirya hanya.

Wanda ya ci gasar motoci a shekarar guguwar nan shi ne Jacky Ickx, mutumin Baljiyam, cikin Mercedes. Ya bar Fomula Ɗaya tun 1979. Akwai kuma Clay Regazzoni na ƙasar Suwis. Shi haɗari ya yi a Amurka a 1980, ƙafafunsa suka mutu. Aka gyara masa mota yadda zai yi komi da hannu, ya shigo sahara a haka. Sai Ari Vatanen na Finlan. Shi ba ɗan Fomula Ɗaya ba ne, zakaran duniya ne na tseren hanyoyin daji a 1981. Ya yi mummunan haɗari a Ajantina a 1985, har an fid da rai. Ya warke, ya zo ya ci Pari-Dakar sau huɗu: 1987, 1989, 1990 da 1991. Da ya ci ta 1988 ma, yana gaba, sai aka sace motarsa a Bamako. An same ta daga baya, amma lokaci ya wuce, aka cire shi.

A watan Janairu na 1989, da kuma na 1990, Tawa zango ce cikin tafiyar. Su taso daga Agadas su sauka Tawa, kashegari su nufi Yamai. A 1989 Ickx da Vatanen duk Peugeot suke tuƙa wa, kuma sun yi wa kowa nisa. Suna ta zafin nema tsakaninsu. Ubangidansu, Jean Todt, ya ji tsoro kada su karya motocin duka biyu, kamfani ya tashi a tutar babu. Da aka isa Gawo sai ya ɗauko ƙwandala ta tamma goma ta Faransa, ya jefa sama. Ta faɗo wajen Vatanen. Aka ce da Ickx ya bar shi ya wuce. Haka aka isa Dakar: Vatanen na ɗaya, Ickx na biyu, Tambay na uku cikin Mitsubishi. Ku duba wannan abu. Mutum ya ratsa Tenere da ransa a hannu, a ƙarshe ƙwandala ta yanke masa hukunci.

Yanzu ga gefen da masu ba da labarin gwanaye ba su cika tsayawa kansa ba. Filin Kyalami yana da shinge, ɗan kallo yana bayan shinge, ya biya kuɗi, ya san abin da ya zo gani. Hanyar Pari-Dakar kuwa ta garuruwan mutane take bi. Hanyar da mace ke ƙetarewa ta je rijiya, wadda yaro ke kora awaki a kai. Yaron ƙauye in ya ji ƙarar mota ba guduwa yake ba, wajenta yake nufa ya gani. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya ƴar shekara 10 a Mali. A wannan shekara, wata motar masu ɗaukar hoto ta kashe wata mata da ɗiyarta a Muritaniya. Har jaridar fadar Paparoma ta fito ta soki gasar. Daga baya aka kafa dokar rage gudu cikin gari. Duk da haka a 2006 an kashe yara maza biyu, ɗaya a Gine, ɗaya a Senegal. Direban tsere shi ya zaɓi haɗarinsa, ya sa hannu a takarda, ga hular kwano, ga likita na bin sa cikin jirgi. Yaran nan ba wanda ya tambaye su.

Ku tuna kuma wane lokaci ne. A 1984 fari ya cinye amfanin gona a Adar. A shekarar aka fara babban aikin raya ƙasa na Kaita, mata na ɗaukar duwatsu a ka don tare ruwa bisa tudu. Motocin tsere kuwa ba su fasa ratsa ƙasar ba, kowace na shan man da zai kai buhunan hatsi gari da yawa. Wasu cikin masu gasar abin ya dame su. Sabine da wani mawaƙin Faransa, Daniel Balavoine, suka shiga aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyukan da ake bi. Cikin wannan tafiya ne, ranar 14 ga Janairu 1986, jirginsu ya faɗi a Mali, mutum biyar suka mutu, har da su biyun. Aka watsa tokar gawar Sabine a gindin wani itace da ke tsaye shi kaɗai cikin Tenere, wanda aka sa wa sunansa. Famfo abu ne mai kyau, ba mai musu. Akwai kuma waɗanda suka yi ciniki ranar zango, masu masauki, masu abinci, makanikai. Amma ciniki ne na kwana ɗaya a shekara.

Gasar ta janye daga wajenmu sannu a hankali. A 1997 an tashi daga Dakar aka zo Agadas aka koma. A 2000 an iso Yamai, sai labari ya zo cewa akwai masu shirin kai hari a gaba. Aka loda motocin cikin manyan jiragen sama aka tsallake da su zuwa Libiya. A 2008 aka soke gasar gaba ɗaya, bayan an kashe Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka mai da ita Amurka ta Kudu. Tun 2020 a Saudiyya ake yin ta, ko da yake ba a sake mata suna ba, Dakar ake ce mata. Patrick Tambay ya rasu a 2022.

A watan Janairu 2024 wani mutumin Sifen, Carlos Sainz, ya ci gasar cikin mota ƙirar Audi. Shekararsa 61. Ya girmi yadda Mansell da Fittipaldi suke ranar Kyalami, kuma ba da tsofaffi ƴan'uwansa kaɗai ya kara ba, har da sa'o'in ɗansa.